Ƙwai a Bakin Zanen Iya

Ranar da muka rasa Iya, kakata ta wajen uba, tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gida ya cika maƙil da mata. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kowa ya faɗi wannan, kuma gaskiya ce. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai.

"Allah sarki, baiwar Allah," in ji wata maƙwabciyarmu tana goge ido da gefen mayafi. "Ba ta da abokin faɗa."

Na ɗago na kalle ta. Iya ce ba ta da abokin faɗa? Matar da babu gida ɗaya a ƙauyen nan namu na gefen Tarai da ba ta shiga ta zazzaga masifa ba? Wata ta karɓe ta ce mai haƙuri ce. Wata ta ce ba ruwanta da sha'anin kowa. Na ce a raina, anya waɗannan ba gidan makokin suka ɓata ba? Iya ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma muddin akwai yaron yaye a gida, to sai ta yi ruwa ta yi tsaki a sha'anin gidan, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya a ranar, tsohuwar ƙawarta Bafillatana da ke zuwa daga rugarsu ta wajen Madachi. Ta sauke ƙwaryar kindirmo a bakin ɗakin Iya, ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon yabo ba. Ta dubi yaran da ke rarrafe tsakanin tabarmi ta ce, "To yanzu wa zai ciyar da waɗannan?"

A daidai lokacin ne na ji kukan kaza a bayan rumbu, irin kukan da take yi in an take mata fiffike.

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. An binne Iya, na haƙura. Amma ba zan yarda a binne halinta a bar mana wata saliha mai shiru-shiru da ba mu taɓa sani ba.

Iya ba ta gaisawa da uwa sai ta gama duba ɗanta. Za ta karɓe shi, ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta matsa damtsensa. Ta ɗora babban yatsa a bayan ƙafarsa ta danna. In wurin ya loɓa ya ƙi tasowa, fuskarta ta canza ke nan. Sannan ta bi gashin kansa da hannu. In ta ga ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, sai ta juyo.

"Ke 'yar nan, me yake ci?"

"Yana ci sosai, Iya. Koko da safe, tuwo da rana."

"Na tambaye ki abin da yake cika ciki da shi? Abin da zai kama jikinsa nake tambaya. Me kika sa a kokon?"

Amsar kullum ɗaya ce: sukari. Daga nan fa sai faɗa. Ba ta yi boko ba, ba ta san sunan da 'yan asibiti ke kiran abinci mai gina jiki ba, amma ta san shi in ta gan shi. Ƙuli-ƙuli ta daka shi ya yi laushi ta barbaɗa a koko. Wake ta dafa shi luguf ta murje da bayan ludayi. Waken suya ta soya shi sama-sama ta haɗa da gero kafin a kai niƙa. Busasshen kifi ta zauna ta tsince ƙayarsa ta mayar da shi gari. Dusarta ba ta sayarwa, ƙawarta take tara wa saboda shanu, ita kuma ta kawo mata kindirmo. Kuma duk inda ta nufa, akwai dafaffen ƙwai ƙulle a bakin zanenta. Yaran ƙauyen sun san ƙullin nan fiye da yadda suka san fuskarta.

Ƙwan nan shi ya jawo mata baƙin jini. A wajenmu an yi imani cewa yaron da aka saba masa da ƙwai, in ya girma sata zai yi, wai kwaɗayi zai sa ya riƙa bin akurkin mutane. Da wannan maganar aka hana yara abin da ake ɗiba kowace safiya a gidan ubansu. A tara ƙwai a kai bakin titi, matafiya su saya su ci, ɗan mai kaza yana lasar ludayin koko. Ni Iya ce ta yaye ni, da ƙwai ta yaye ni, kuma na tashi ina jin ana cewa a sa mini ido. Ko allura ce ta ɓace a gida, ni ake fara kallo.

Iya kan ce, "Ɓarayin da ake kamawa a kasuwar Rano, a je a tambaye su mana. Wanne ne a cikinsu uwarsa ta taɓa fasa masa ƙwai?"

Sau ɗaya ta taɓa gaya mini inda abin ya samo asali. Muna ɓarar gyaɗa da hantsi, ni da ita, ba tare da na tambaye ta ba ta fara. Ɗanta na fari, wanda ba mu sani ba, da aka yaye shi jikinsa ya fara hawa. Kumatu suka cika, ƙafafu suka yi suntum. Uwar mijinta ta riƙa nuna shi ga baƙi tana cewa yaye ya karɓe shi, ku dubi yadda ya yi ƙiba. Ita ma Iya, tana yarinya, ta yi ta murna. Ashe kumburi ne.

"Ƙwai na nan cikin ƙwarya a ƙarƙashin gadon da yake kwance a kai," in ji ta. "Na kasuwa ne, ba a taɓawa. Ya cika suna nan. Washegari aka kai su kasuwar."

Ba ta yi hawaye ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce in miƙo mata faifai.

Babban abokin faɗanta shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda gidan ya koma hannunsa bayan babanmu ya rasu. Baffa mutum ne mai son a ce gidansa ana ci. In an yi miya da nama, tsokar duk kwanonsa take tafiya, a fitar zaure, yara su samu romo da ƙashin da aka tsotse. Wata rana an ɗauki kwanon za a fita da shi, Iya ta tare hanya da sandarta, ta buɗe murfi, ta sa hannu ta tsame hanta da tsoka mai laushi. Baffa ya shigo yana huci.

"Haba Iya! Baƙi fa gare ni."

"Baƙin naka girma suke yi?"

"Iya, ki daina kunyata ni a gaban mutane."

"Sun gama girma, Alhaji, tsufa ya rage musu. Ga masu girma nan a ƙasa."

Ta zauna ta yayyaga naman da farce tana sa wa jikokinsa a baki, yana tsaye yana kallo. Kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba ta damu ba. In an sake yin nama, ta sake tare hanya.

Amma duk zafin bakinta, ba ta tona asirin wadda ta zo neman taimako. Maƙwabciyar nan da ta ce Iya ba ta da abokin faɗa, ita ce ta taɓa tsayawa a bakin rijiya tana kiranta mai koya wa yara sata. Da ɗanta ya kwanta, ya daina tafiya bayan ya fara, ta danga ta biyo da shi don kada a gan ta. Iya ba ta tuna mata komai ba. Ta karɓi yaron, ta riƙa aika mata garin kunu a rufe cikin kwano kamar cefane ne aka ara. Yaron nan yau magidanci ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ta ƙarshe da Iya ta riƙa ita ce Takwara, 'yar ƙanena, wadda aka sa wa sunanta. Uwarta ta samu ciki tun yarinyar ba ta gama iya tafiya ba, aka shafa maɗaci a nono, aka yaye ta rana ɗaya. Daga nan sai koko da ɗumame. Ta fara zawo, ta daina wasa, ta daina miƙewa. Aka ce ai ciki ta sha, nonon mai ciki ne ya taɓa ta, aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. Da labari ya kai wa Iya, ta dogara sanda ta tafi sashen ƙanena, ta danna ƙafar yarinyar, wurin ya loɓa.

"Ba ciki ta sha ba," in ji ta. "Yunwa ta sha, a gidan da rumbu yake cike. Ku goya mini ita."

Tsohuwar da ba ta iya ɗaukar butar alwala sai ta huta, ita ta goya Takwara zuwa ɗakinta. Ta aika aka kira ni daga Rano, inda nake aure, ta ce in kai ta asibiti, don wannan ya wuce na ƙuli-ƙuli. Suka ce tamowa ce, suka kwantar da ita, daga baya suka sallame mu da abincin nan nasu na masu tamowa, mai gyaɗa, a cikin leda. Iya ta juya ledar a hannu ta ce, "Allah ya yi musu albarka. Amma wannan zai ƙare, kaza kuwa gobe ma za ta yi."

Kowace safiya sai su tafi akurki tare, tsohuwa da sanda, yarinya riƙe da zanenta. Takwara ce ke durƙusawa ta zura hannu ta lalubo ƙwai. A dafa, Iya ta ƙulle a bakin zane, ta bar ta ta kwance da kanta. Sannu a hankali kumburin ya saɓe, ta miƙe, ta fara gudu tana faɗuwa. Gashin kanta har lokacin ja ne a sama, amma in ka buɗa shi za ka ga baƙi yana tasowa daga tushe. Iya ta kan buɗa ta nuna wa duk wanda ya shigo, kamar manomin da shukarsa ta tsira.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata la'asar muna zaune ni da Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta buɗe ido ta ce, "Kajin nan na Takwara ne. Na ba ta su halak malak. Kada wanda ya taɓa mata."

Gwaggo ta ce, "To Iya, mun ji. Ki daina irin wannan maganar."

Kukan kazar da na ji a bayan rumbu ranar jana'iza, ɗaya daga cikinsu ce. Baffa ya ce manyan mutane sun taso tun daga Kano a motoci, dole a fita kunyarsu. Malamai kullum suna faɗa cewa maƙwabta ne ya kamata su kawo wa masu makoki abinci, amma mu gidanmu ya koma kamar na biki. Kullum akwai baƙin da suka fi na jiya girma, kullum sai an fige kaza. Na samu Gwaggo a madafa na tuna mata abin da muka ji da kunnenmu.

"Ke, rufa mana asiri," in ji ta. "Zafin ciwo ne ya sa ta faɗa. So kike a ce uwar Alhaji ta rasu an ba mutane gayan tuwo?"

Na samu ƙanena, uban yarinyar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni wane ne da zan ja da Baffa?"

Haka nake zaune ina kallon kwanuka suna fita zaure, cinya da ƙirji a sama, suna dawowa da ƙashi. Mutanen da suka ci sun ƙoshi tun daga gidajensu suna sakace haƙori suna cewa Allah ya kai ladan kabarinta. Wane lada? Har kindirmon da ƙawar Iya ta kawo domin yara, da shi aka dama wa baƙi fura. Takwara kuwa, wadda aka yi wa kyautar, loma biyu ta tuwo ake tsoma mata a romo a ce ta ci ta tafi wasa. Na riƙa aikawa a sayo mata awara a bakin hanya, tana ɗan taɓawa tana turewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne safiya. Yarinyar nan sai ta tashi ta tafi akurki ita kaɗai, ta durƙusa ta zura hannu, ta fito da shi wayam. Sai ta dawo tana bin matan da ke zaune, tana jan bakin zanensu ɗaya bayan ɗaya tana lalube. Su kuma su ce, "Allah sarki, kakarta take nema," su cire hannunta su ci gaba da hira. Ta koma zama wuri ɗaya. Na san zaman nan, na gan shi kafin mu je asibiti, kuma likita ya gaya mini wanda ya taɓa faɗawa cikin tamowa ba ya da wuyar komawa.

Ranar sadakar bakwai kaza ɗaya ta rage, wata wake-wake da Iya ta fi ji da ita don ba ta fashin ƙwai. Na fito na gan ta yashe kusa da turmi, an ɗaure mata ƙafa da tsumma, ana jiran mai yanka ya wasa wuƙa. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuya na ɗauke ta, na sa cikin hijabi, na wuce ɗakin Iya na kifa mata kwando. Aka yi ta nema, bayan rumbu, cikin turke, har bayan gida. Kazar da kanta ta tona mini asiri.

Gwaggo ta ɗaga labule ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani. Ga abin da ake gudu nan. Ƙwan da Iya ta ɗura miki ne ya fito yau!"

Mata suka taru a bakin ƙofa. Baffa ya shigo daga zaure, suka dare masa. Na durƙusa, don Iya ba ta koya mini tsayawa a kan manya ba, amma ban saki kwandon ba.

"Ke kika ɗauke kazar sadaka?"

"Ni ce, Baffa."

"Kin san kayan mamaci kayan gado ne? Da girmanki da aurenki?"

"Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In na gado ne, da izinin wa aka yanka sauran? In kuma na Takwara ne, kamar yadda Iya ta faɗa a gaban Gwaggo, to ba ni ce na ɗauki abin wani a gidan nan ba."

Bakina ya riga ya buɗe. Na jawo Takwara na buɗa gashin kanta na nuna masa.

"Dubi nan, Baffa. Wannan jan na sama, aikinmu ne, mu masu rumbu. Wannan baƙin na ƙasa, aikin Iya ne. Shi ne sadakarta, kuma shi kuke yankawa kuna cewa Allah ya kai lada."

Ya daɗe yana kallon kan yarinyar. Sannan ya juya wajen ƙanwarsa. "Ta faɗa?"

Gwaggo ta kalli ƙasa. "Ta faɗa, Yaya."

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa ran zai ba ni ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Ba ki da kunya. Halin tsohuwar nan kika kwaso kaf." Ya fice. A duk gaisuwar da aka yi mini a makon nan, wannan ce kaɗai ta sanyaya mini zuciya. Baƙin ranar suka ci shinkafa da wake, kuma ban ji an ce wani ya kwanta ciwo ba.

Da za a watse na roƙi ƙanena da matarsa su ba ni Takwara. Uwar, da cikinta ya tsufa, ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ki tafi da ita. Ni ban san yadda Iya take yi ba." Na ce za ki sani, in kin sauka zan zo in nuna miki, har da faɗan. Na goya yarinya, na sa kaza a kwali, muka hau babur zuwa Rano. Ƙawar Iya ta raka mu har bakin hanya, ta ce in ajiye mata dusa.

Kazar ta yi fushi da sabon wuri, ta daɗe ba ta yi ƙwai ba. Na riƙa saya, ina haɗawa da wake da ƙuli-ƙuli da garin kifi yadda na ga ana yi. Yanzu ta saki jiki, har ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. A dangi kuwa an sa mini suna, ɓarauniyar kaza, kuma a bikin da aka yi kwanan baya na ji wata tana ba da labarina a matsayin hujjar cewa kada a ba yara ƙwai. Ku ji fa! Kaji suka ƙare a cikin manya, amma wadda ta tsira da guda ɗaya ita ce ɓarauniya.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka, mai faɗa ce, ba ta da haƙuri, kuma ka fi kowa sanin a kan wa take faɗan. Ka yafe mata, ka yalwata makwancinta, ka haɗa ta da ɗanta na fari a inda ba a jin yunwa.

Jan gashin Takwara ya kusa ƙarewa, na aske na ƙarshensa a makon jiya. Da safen nan ina shara na ji ana jan zanena ta baya. Ban juya ba. Na tsaya cak da tsintsiya a hannu, har ta gama kwance ƙullin da kanta.